Mutum Ɗaya, Kati Biyu

Adireshin ɗakin da na kama tun ina Kaduna, da na isa sai na tarar shagon gyaran keke ne. Na tsaya a bakin ƙofa da akwatina, ruwan sama yana jiƙa mini mayafi, ina duba lambar da ke jikin bango ina duba ta cikin wayata. Lamba ɗaya ce. Mai shagon, wani dogon Bature da hannu duk baƙin mai, ya karɓi wayar ya duba, ya girgiza kai, ya ce ni ce ta uku da ta zo masa da wannan magana a watan nan. Babu ɗakin haya a saman shagonsa, sai tarin tsofaffin tayoyi. Na kira mutumin da muka yi wata guda muna musayar saƙo, wanda har hoton gado da labule ya turo mini, na ji layin a kashe.

Ni likitar tiyata ce. Shekara goma sha ɗaya na yi ina aiki a wani asibiti a Kaduna, kuma duk wanda ya yi aiki da ni zai gaya maka ba a kawo mini raini. Ga shi yau wani da ban taɓa ganin fuskarsa ba ya yi mini wayo a banza. Abin da ya fi ci mini rai ma ba ɗakin ba ne, mijina ne, domin sau biyu yana cewa in bari ƙungiyar da ta gayyace ni ta nema mini masauki, ni kuwa na ce na iya da kaina.

Ƙungiyar ta likitocin tiyata ce daga ƙasashe da yawa. Ba zan kama sunanta ba, ko sunan garin, domin mutanen da zan ambata suna nan da ransu. Ya isa in ce arewacin Turai ne. Sun ba ni mako shida in zauna a wani asibitinsu in ga yadda suke aiki, a ƙarshe in tsaya a gaban babban taronsu na shekara in yi bayanin minti goma. Bayan taron kuma mujallarsu za ta buga takardata, in editar ta gamsu. Takardar a kan ciwon ƙaba ce, wanda ke addabar 'yan dako da masu tura baro da manoma, inda hanji ke turowa ta gefen mara. A Turai wata raga suke sakawa su toshe wurin. Mu ragar ta fi ƙarfin yawancin majinyatanmu, don haka na yi shekaru ina gyara wani salon ɗinki da malamina ya koya mini, wanda da naman jikin mutum kawai ake rufe wurin. A ƙarshen takardar akwai jimla ɗaya da na fi so fiye da duk abin da na taɓa rubutawa: cikin duk waɗanda aka yi wa wannan ɗinki, babu wanda ciwon ya dawo masa. Jimlar nan ce ta kawo ni Turai.

A tashar bas na zauna na kira mijina, ina faɗa ina kuka, rabin faɗan da shi nake yi don ya yi gaskiya. Da na kashe wayar, wata mata gajera mai jiki da ke gefena, cikin ƙatuwar rigar sanyi, ta taɓa ni.

"Kai Bahaushe ne?"

Na waiga in ga namijin da take wa magana. Ashe ni take nufi. Sunanta Adiza, 'yar zangon Kumasi ce, a kicin ɗin wani asibiti take aiki, kuma Hausarsu ta can ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "kai" ne. Ta ji abin da ya same ni, ba ta yi mamaki ba, ba ta kuma ja jaje da tsawo ba. Ta kama hannun akwatin ta ce in tashi. Ciki da falo take zaune, a kan doguwar kujerar falon na yi mako shidan nan. Ita ta nuna mini bas ɗin da zan riƙa hawa da inda alƙibla take, ta ciyar da ni shinkafa da wake da wani baƙin yaji mai ƙamshin kifi da ban taɓa cin irinsa ba. Kullum da safe sai ta leƙo ta ce, "Dokta, ka ci abinci?" Tun ina gyara mata har na haƙura na zama namiji.

Asibitin da aka kai ni kuwa, ban taɓa ganin wuri mai tsabta da shiru irinsa ba, ban kuma taɓa jin ba ni da amfani kamar yadda na ji a cikinsa ba. Dokarsu ba ta ba ni damar taɓa majinyaci ba. Sai in wanke hannu, in sa riga, in tsaya a bayan wani layi da aka ja a ƙasa, hannuwana a baya. Ina kallon sabon likita yana ɗaure zare sako-sako, yatsuna suna ƙaiƙayi, ba halin magana. Wata rana a wurin shan shayi wani ya tambaye ni, da zuciya ɗaya, ko muna da safar hannu a asibitinmu. Na ce masa muna da ita, har wuƙa ma muna da ita. Bai gane baƙar magana na gaya masa ba, ya ce abin ya yi kyau.

Kewar 'ya'yana na san za ta zo, na shirya mata. Wadda ban zata ba ita ce kewar ɗakin tiyatarmu: ƙarar janareta, Sista tana faɗa da masu kawo kaya, dangin majinyaci cike da baranda da kwanukan abinci, ba sa barinka ka wuce sai sun gaishe ka sun yi maka addu'a. A garin Turawan nan tun da la'asar gari ke fara duhu. Sai in tsaya a bakin taga in tuna a daidai lokacin layinmu na Malali ya cika da hayaniyar masu dawowa daga kasuwa, mai ƙosai ta hura wuta. Abin da ya riƙe ni shi ne minti goman nan. Na ce duk wannan tsayuwar da hannu a baya, ranar taro zan rama.

Ranar Litinin ta makon ƙarshe, saura kwana uku taro, editar mujallar ta aiko a kira ni. Tsohuwar farfesa ce, siririya mai farin gashi, ta yi shekaru tana tiyata kafin hannunta ya fara rawa ta koma duba rubutun wasu. An gaya mini ba ta da wasa. Farfesa kawai zan kira ta. Tun kafin in taso ta nemi in kawo duk bayanan majinyatan, da hotunan wurin ciwon kafin aiki da bayansa. Babu suna a ciki, haka ƙa'ida take. Kowa lamba aka ba shi, takardar da ta haɗa lamba da suna kuwa tana Kaduna, a kulle a durowar Malam Tanimu, mai kula da katunan asibitinmu.

Ta juyo mini da kwamfutarta. Hoto biyu ne gefe da gefe, mai lamba talatin da huɗu da mai lamba ɗari da tara, tsakaninsu shekara biyu. Na farko sabon ciwo ne a gefen dama, ni na yi masa aiki. Na biyu shi ma gefen dama, amma da tabon tsohon aiki, katinsa kuma ya ce a wani asibiti daban aka taɓa yi masa ya warware. Ina hutun haihuwa aka kawo shi, abokin aikina ya yi masa da salona, na sa shi cikin takardar har ina alfahari da shi, wai ga wanda wasu suka ɓata mun gyara.

Farfesa ta ɗora bakin biro a kan hoton farko, ƙasa da cibiya. Wasu 'yan tsage ne guda huɗu irin na wanzami, uku a jere, na huɗun ya karkace. Ta matsar da biron zuwa hoto na biyu. Uku a jere, na huɗun ya karkace.

"Ina ganin mutum ɗaya ne," in ji ta. "In haka ne, ciwon ya dawo wa majinyacinki, takardarki kuma ta ce bai dawo wa kowa ba. Ban ce kin ɓoye ba. Amma ina son sanin yadda aka yi kafin ranar Laraba ta wuce."

Na san abin da ba ta faɗa ba. In ta tabbata ɓoyewa aka yi, ba a kan takardar kaɗai abin zai tsaya ba, wasiƙa za su rubuta wa asibitinmu, kuma likitan da aka kama da ƙarya a mujalla sunansa ya gama ɓaci. Na ce mata mutum biyu ne, da ƙarfin da ya fi wanda ya kamata. Ta dube ni kawai ta ce tana fatan haka.

A kan matakalar bene na tsaya na kira Malam Tanimu. Dattijo ne da bai san gaggawa ba. Sai da ya tambayi sanyi, ya tambayi baƙunta, ya ba ni labarin hazon da ake yi a Kaduna, sannan ya tafi neman makulli. Ina jin ƙarar durowa, ina jin yana buɗe shafi, ina ji kamar in shiga wayar in taya shi.

"To, Likita. Talatin da huɗu, Abubakar Umar, Kinkinau." Ya ci gaba da buɗe shafi. "Ɗari da tara, Garba San..."

Ya tsaya.

"Garba Sanda," ya ƙarasa a hankali. "Shi ma Kinkinau."

Na zauna a kan matakalar. Wane Bahaushe ne bai san Garba shi ne Abubakar ba, Sanda kuma shi ne Umar? Da an taɓa karanta sunayen nan biyu a jere, ko mai shara a asibitinmu zai gane. Amma ba a taɓa ba. Ɗaya yana tsohuwar rajista, ɗaya yana sabuwa, ni kuma da lambobi nake aiki kamar yadda aka koya mini. Duk shekara Malam Tanimu yakan bi majinyatan da waya. Ya kira lambar da ke katin Abubakar Umar ya ce yaya jiki, a ce masa lafiya lau, alhamdulillahi, ya rubuta ya warke. Katin Garba Sanda lambar wani maƙwabci ce a kai, shi ma ya ce lafiya lau. Mutum ɗaya ya warke mana sau biyu.

Duk da haka na roƙi Malam Tanimu ya je Kinkinau ya gani da idonsa, ko Allah zai sa a yi dace da suna kawai. Talata da hantsi ya kira ni. Mutum ɗaya ne, mai tura baro ne a kasuwa. Da aka tambaye shi dalilin canza suna ya sunkuyar da kai, ya ce a ba Likita haƙuri, bai ƙara komai ba.

Mutum ɗaya na sani a garin da zan iya kai wa wannan magana, Dakta Bashir. Yana gaba da ni a makarantar likitanci a Zariya, ya fi shekara ashirin a Turai, yana cikin masu faɗa a ji a ƙungiyar, kuma shi ya sa baki aka gayyace ni. Muka haɗu da yamma a wani wurin shan kofi. Ya saurare ni har na gama yana juya cokali.

"Hajara, wa ya ga sunayen nan? Ke da tsohon can. Ita hoto kawai ta gani. Ki ce mata tsagar gargajiya ce, wanzami ɗaya ke yi wa unguwa guda, kowa irinta gare shi. Ba za ta yi musu ba. Tsoro suke ji a ce sun raina al'adarmu."

"Yaya Bashir, ƙarya ce ai."

Bai ji haushi ba. Ya ce mutum ɗaya ne cikin fiye da ɗari, kuma ya tabbata mutumin komawa ya yi ɗaukar kaya kafin wurin ya kama, laifin ba na ɗinki ba ne. Ya ce in dubi shekarun da na zuba. Sannan ya kawo wadda ta kama ni. Ya ce ba kullum ake ba irinmu wannan dandalin ba, ya sha wahala kafin su yarda su saurari aikin da aka yi a arewacin Nijeriya. In na tsaya na ce lissafina ya rikice saboda suna, ba za su ce Hajara ta yi kuskure ba, cewa za su yi ga irin bayanan da ke fitowa daga can. Wanda zai zo bayana ko ƙofa ba za a buɗe masa ba.

Na tsane shi a lokacin, domin akwai gaskiya a maganarsa. Kuma ba zan wanke kaina ba, na karɓi shawarar. A cikin bas ina komawa na tsara ƙaryar da Turanci, na gyara ta, na haddace ta. Har ina gaya wa kaina ba don ni zan yi ba, don na baya ne. Adiza ta ga na tura kwanon abinci gefe, ba ta tambaye ni komai ba, ta dawo da shi gabana ta ce in ci ko loma biyu ce.

Laraba da safe na shiga ofishin Farfesa. Hotunan suna nan a buɗe. Na fara da abin da na haddace.

"Farfesa, a wurinmu akwai wanzamai. Su ke yin irin wannan tsagar don magani, kuma wanzami ɗaya yakan yi wa mutane da yawa."

Ta ajiye biron. Fuskarta ta saki, ta matso, ta fara gyaɗa kai. Ta ce ta taɓa karanta wani abu a kan irin wannan, ta ma ba ni haƙuri in har ta yi saurin zargi. Kamar yadda Yaya Bashir ya faɗa, ko musu ba ta yi niyya ba.

Gyaɗa kan nan ne ya tayar mini da zuciya. Wannan matar da ta gano tsaga huɗu a cikin hotuna fiye da ɗari, a shirye take ta yarda cewa mazan garinmu cikinsu iri ɗaya ne kamar an buga da hatimi. Kuma ba ita ta ƙirƙiro ba, ni na kawo mata. Na yi mako biyar ina jin haushin wanda ya tambaye ni safar hannu, ga ni ina sayar da mutanena a matsayin abin mamaki don in tsira. Na kuma tuna akwai wani likita a wani ƙauye, a wata ƙasa, da zai karanta jimlata ya ɗauki allura ya ɗinke mutum da ita. Kunya ta kama ni, haushi ya fi kunyar yawa.

"Amma babu wanzamin da hannunsa ke karkacewa iri ɗaya sau biyu," na ce. "Mutum ɗaya ne. Ni na yi masa aikin farko, kuma ya warware."

Ta daina gyaɗa kai. Na ja takarda na rubuta mata sunayen biyu, na ja layi daga Abubakar zuwa Garba, daga Umar zuwa Sanda. Ta tambaya ko gajarta sunan aka yi. Na ce a'a. Ta ce to ta yaya ake tashi daga Abubakar a sauka a Garba? Na ce ban sani ba, haka muka taso muka tarar. Ta tambayi dalilin da ya sa ya ce a wani asibiti aka yi masa, na ce shi ma ban sani ba tukuna. Sai ta tambayi yadda muka bi sauran majinyatan. Na ce ta waya.

"Me kuke tambayarsu?"

"Muna cewa yaya jiki."

"Su kuma me suke cewa?"

Na ji amsar a kaina kafin in faɗe ta. Ni da na sha tsayawa a kan mutumin da numfashinsa ke fita da ƙyar, in ce yaya jiki ya ce da sauƙi. Shekara da shekaru muna rubuta gaisuwa a matsayin sakamako. Na fassara mata "lafiya lau", na kuma gaya mata cewa ko mai ciwo haka zai ce.

Ta yanke hukunci ba tare da ta sassauta murya ba. Mujallar ba za ta buga takardar ba. Ba za ta rubuta wa kowa wasiƙa ba, domin ta ga kuskure ne. Minti goman kuwa nawa ne, in na ga dama in janye, in na ga dama in yi amfani da su.

Ban janye ba, kuma ba jarumta ba ce, taurin kai ne. Ranar Alhamis zauren ya cika, littafin taron da ke hannun kowa yana ɗauke da tsohuwar jimlata. Da aka kira sunana na hau. Yaya Bashir yana layi na uku. Na nuna musu ɗinkin daki-daki, yadda na shirya tun a gida. Saura minti huɗu na sa hotunan nan biyu a allo, na ce abin da ke cikin littafinsu ba daidai ba ne. Na yi bayanin sunayen, wasu suka yi 'yar dariya. Na yi bayanin "lafiya lau", babu wanda ya yi dariya. Da aka ba da damar tambaya, wani dattijo ya tashi ya ce to yanzu mutum nawa ne ciwon ya dawo wa.

"Ban sani ba," na ce.

Ban taɓa furta magana mai nauyi kamar wannan ba. Aka yi tafi sama-sama, na sauko. Yaya Bashir ya fita ta ɗaya ƙofar, har na bar garin bai neme ni ba, kuma ban ga laifinsa duka ba. Wata likita daga wata ƙasar Asiya ta tare ni ta riƙe hannuna, ta ce su ma a wurinsu mutum yana da sunan gida da sunan takarda, za ta koma ta duba rajistarta. Farfesa ta same ni ina neman rigar sanyina. Ta ce in koma in ga kowannensu da idona, in ɗora hannu a wurin in sa shi ya yi tari, sannan in sake rubutawa in aiko. Ta ƙara da cewa ba ta yi mini alkawarin komai ba.

Adiza ta raka ni tashar jirgin ƙasa da kwalbar yajinta a cikin leda. Na rungume ta ina kuka, ta ture ni ta ce in tafi kada jirgi ya bar ni.

Da na koma asibitinmu na tarar an liƙa takardar taya murna a allon sanarwa, da hotona. Na cire ta da hannuna. Masu tambaya yaushe mujallar za ta fito na gaya musu gaskiya, kowa ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri, na san abin da za a faɗa bayan na wuce. Kwana biyu da dawowata, bayan la'asar, muka hau keke Napep ni da Malam Tanimu zuwa Kinkinau. A hanya na tanadi faɗa mai yawa.

Mun sami Garba Sanda a ƙofar gida a kan benci, baronsa a jingine da bango. Yana ganina ya miƙe ya cire hula ya mayar, ya rasa inda zai sa kansa. Sai a lokacin na tuna fuskarsa. Aka kawo mini kujera, muka gaisa, na ce yaya jiki, ya ce lafiya lau. Malam Tanimu ya kau da kai.

"Malam Garba, me ya sa ka canza suna?"

"Ban canza ba, Likita. Duk nawa ne."

"Me ya sa ka ce a wani asibiti aka yi maka?"

Ya ce na hana shi ɗaukar kaya mako shida, shi kuwa mako biyu ya yi ya koma kasuwa, don gida ba ya jira. Da wurin ya sake kumbura ya yi wata huɗu yana ɗaurewa da ƙyalle. Sai da ya ji ina hutu sannan ya je.

"Ke kika yi mini da hannunki," in ji shi. "Har ranar Lahadi kika zo kika duba ni. In dawo in tsaya a gabanki in ce aikinki ya warware? Da wane ido? A rubuta a littafi a ce aikin Likita bai yi ba? Shi ya sa muka yi shawara, muka ce gara a rufa miki asiri."

Faɗan da na tanada ya gudu. Kara ya yi mini, irin wadda ake yi wa wanda ake jin nauyinsa, ita ce ta bi ni har Turai. Na buɗe baki in ce masa ba komai, sai kalma ɗaya da ya faɗa ta tsaya mini a rai.

"Kuka yi shawara? Kai da wa?"

Ya dubi Malam Tanimu, ya dube ni. Ya ce shi da Iro, abokin aikinsa, wanda na yi wa aiki a wata ɗaya da shi. Shi Iro bai ma koma wurinmu ba, Zariya ya tafi aka sake masa. Sai kuma Mamman mai itace, can bayan layi.

"Shi ina aka sake masa?"

"Ba a sake ba, Likita. Yana nan da abinsa, yana ɗaurewa. Wani lokaci in ya taso masa har amai yake yi. Mun ce ya je, ya ce shi ba zai kunyata ki ba."

Ƙaba mai sa amai hanji ne ke shaƙewa, kuma rana ɗaya ta isa ta kashe mutum. A cikin takardar da na ɗauka har Turai, Mamman yana cikin waɗanda suka warke. Na miƙe, na ce wa Malam Tanimu ya tsayar da mai keken kada ya tafi, na ce wa Malam Garba ya sa takalminsa ya nuna mini gidan.